Katin Kyauta, Tsabar Kuɗi Ko Kaya: Wanne Ya Fi Dacewa Da Matashi A Kirsimeti?

Da watan Disamba ya kama, duk wanda ke da ƙane, ƙanwa, ɗa ko jika ɗan shekara 13 zuwa 19 sai ya fara lissafin abin da zai ba shi ranar Kirsimeti. Ƙaramin yaro ba shi da wuyar sha'ani, sabon takalmi da 'yar motar roba sun ishe shi tsalle. Matashi kuwa rabin rayuwarsa tana cikin waya, kuma yawancin abin da ransa ke so ba a rataye shi a shago: data, kuɗin gem, kuɗin manhajar waƙa ko ta fim, ko wani iyafis da shi kaɗai ya san samfurinsa. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a harkar waya sau da yawa yaron ne ke hangowa.

Wannan ya sa iyaye da yawa a Amurka da Birtaniya suka haƙura da yawon kantuna, suka koma miƙa katin kyauta ko kuɗi cikin ambulan. Al'adar ta iso nan ta hannun 'yan uwa mazauna ƙasashen waje, waɗanda kan turo hoton kati ta WhatsApp zuwa gidaje a Jos, Kaduna, Kafanchan ko Yola. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, katin dala 50 yana iya zama dala 50 cif a hannun wani matashi, ya zama takardar banza a hannun wani. Bambancin yana cikin yadda aka gina tsarin katin, da kuma iya sanin da mai bayarwa ya yi wa wanda zai ba.

Yadda katin kyauta yake aiki

Wanda ya taɓa kankare katin waya ya loda, ya riga ya san rabin labarin. Katin kyauta, wanda 'yan kasuwar intanet ke kira gif-kad, babu kuɗi a jikinsa. Kuɗin yana rubuce a rumbun bayanan kamfanin da ya fitar da shi, katin kuwa yana ɗauke ne da lambobi da haruffa da ke nuna inda aka rubuta kuɗin a rumbun. Na kamfanin Apple, alal misali, guda 16 ne, kuma da harafin X suke farawa.

Katin da ke rataye a kanti a rufe yake. Sai an biya, na'urar kantin ta aika wa kwamfutar kamfanin saƙo cewa an sayi kati mai lamba kaza a kan dala kaza, sannan a buɗe shi. Shi ya sa rasit ke da muhimmanci, domin shi ne shaidar an buɗe katin. Idan matashi ya shigar da lambobin a asusunsa, kwamfutar kamfanin za ta duba ko an buɗe katin, ko wani ya riga ya yi amfani da shi, da kuma ko ƙasar katin ta yi daidai da ƙasar asusun. In komai ya yi, sai ta kwashe kuɗin daga katin ta zuba a asusun. Daga nan lambobin sun mutu, kuɗin kuma ba ya komawa tsaba.

Abu biyu ya kamata a riƙe a nan. Duk wanda ya riga shigar da lambobin shi ne mai kuɗin, saboda tsarin bai san sunan wanda aka saya wa ba. Sannan kuɗin ya shiga keji: na Google Play a Google Play za a kashe shi, na Amazon a Amazon. Akwai katunan kyauta masu tambarin Visa ko Mastercard da ake karɓa a kantuna da yawa, sai dai ana biyan wani ƙarin kuɗi wajen sayensu, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a Amurka a cikin Amurka kawai suke aiki.

Dabarar ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A 1932 aka fara sayar da takardar sayen littafi a Birtaniya, bisa shawarar wani mai buga littattafai, Harold Raymond, wanda ya lura mutane na gudun ba da littafi kyauta don tsoron kada su zaɓi wanda ba a so. Katin roba irin na yau ya fito ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1990, a kantunan Neiman Marcus da Blockbuster, sannan a 2001 kamfanin shayi da gahawa na Starbucks ya fitar da nasa wanda ake iya ƙara wa kuɗi. Damuwar Raymond ita ce har yau ke sayar da katin: tsoron sayen abin da ba a so.

Abin da masana suka gano

Wannan tsoron yana da tushe. A 1993 wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Yale, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibai game da kyaututtukan da suka samu a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara: nawa aka kashe wajen sayen kayan, kuma nawa ne darajarsu a wurinsu in an cire ƙaunar wanda ya bayar? Lissafinsa ya nuna ana asarar tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya bisa uku na darajar kuɗin da aka kashe. Wato a sayi riga a naira 30,000, amma wanda aka ba, da kuɗin aka damƙa masa, ba zai biya fiye da 20,000 ko 27,000 a kanta ba. Daga baya ya faɗaɗa bayanin a littafinsa Scroogenomics na 2009.

Wurin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, asarar ba ɗaya ba ce ga kowa. Kyautar abokai da masoya ita ta fi kusa da abin da ake so. Ta dangi na nesa, irin su kakanni, kawunnai da gwaggwanni, ita ta fi kaucewa. Kuma waɗannan dangin su ne suka fi yawan ba da tsabar kuɗi, kamar dai sun san iyakar saninsu.

Ba kowa ya yarda da shi ba. A 1996 Sara Solnick da David Hemenway sun yi nasu binciken, suka samu akasin haka: mutanen da suka tambaya sun ɗora wa kyaututtukansu daraja fiye da kuɗin da aka saye su. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin agogon da mahaifi ya zaɓa da hannunsa yana ɗauke da abin da farashi ba ya aunawa. A 2009 kuma Francis Flynn da Gabrielle Adams na Jami'ar Stanford suka nuna cewa masu bayarwa kan ɗauka tsadar kaya ita ke ƙara godiya, alhali a wurin masu karɓa tsadar ba ta sauya komai sosai.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da ke fitowa mai sauƙi ne. Kaya suna cin nasara idan mai bayarwa ya san matashin ciki da waje. Idan bai san shi ba, ƙara kuɗi a kan kayan ba zai rufe giɓin ba. Katin kyauta an yi shi ne don ya zauna a tsakiya: mai bayarwa ya zaɓi kanti, mai karɓa ya zaɓi kaya. Sai dai zaɓen kantin ma yana buƙatar sani.

Dalilin da kamfanoni ke ƙaunar katin

Duk katin da aka saya, bashi ne aka ba kamfani babu ruwa. An biya shi kuɗi yau, shi kuma sai ranar da aka zo da katin zai ba da kaya. Wasu katunan ba a zuwa da su har abada: sun ɓace a durowa, an manta imel ɗin, ko an bar 'yan canji a ciki da ba su isa sayen komai ba. Bayan wani lokaci kamfani kan rubuta wannan ragowar a matsayin kuɗin shigarsa. Rahotannin shekara na Starbucks sun nuna kuɗin kwastomomi da ke kwance a katunansa da manhajarsa ya haura dala biliyan ɗaya, kuma yakan samu sama da dala miliyan 100 a shekara daga wanda ba a dawo an kashe ba. Ga kuma wata ribar: mai katin dala 25 da ya ga kayan dala 32 yakan cika daga aljihunsa don kada katin ya tafi a banza.

Amurka ta sa doka a 2009 cewa kuɗin katin kyauta ba zai mutu ba sai bayan aƙalla shekara biyar, kuma ba za a cire kuɗin rashin amfani ba sai kati ya yi wata 12 ba a taɓa shi ba. A Birtaniya katuna da yawa kan mutu bayan shekara biyu. Sannan idan kamfanin ya durƙushe, mai kati yana layin baya cikin masu bin bashi. A watan Janairun 2013, 'yan makonni bayan Kirsimeti, kantin sayar da faifan waƙa da fim na HMV a Birtaniya ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, aka daina karɓar katunansa. Sai da jama'a suka yi ca kafin a dawo da karɓa. Darasin a nan shi ne, katin kyauta ba abin ajiya ba ne. A loda shi a ranar da ya zo, a kashe shi da wuri.

Katangar ƙasa

Ga matashin da ke Najeriya, Nijar ko Ghana, nan ne babbar matsalar take. A ɗauka wata gwaggo a birnin Houston ta shiga kanti ta sayi katin Apple na dala 50, ta ɗauki hotonsa ta tura wa ɗan ƙanenta a Jos. Yaron ya shigar da lambobin, waya ta ce masa ba za a iya amfani da wannan kati a ƙasarsa ba. Katin lafiyarsa ƙalau, kuɗin ma yana nan, amma asusun yaron na Najeriya ne, katin kuwa na Amurka.

Haka tsarin yake kusan ko'ina. Katin Apple da na Google Play a ƙasar da aka saye su suke aiki. Katin Amazon na Amurka ba ya aiki a shafin Amazon na Birtaniya. Na Netflix sai kuɗin da ke kansa ya zama irin kuɗin da ake cajin asusun da shi. Na PlayStation ya fi tsanani, domin ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe asusu ba a sauya ta. Kamfanonin na yin haka ne saboda farashi, haraji da lasisin waƙoƙi da finafinai sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Da katangar babu, da kowa ya koma saye a inda ya fi araha.

Wasu matasan kan nemi hanyar zagaye: su kunna VPN, su rubuta adireshin Amurka na bogi, su sauya ƙasar asusu. Wannan ya saɓa wa sharuɗɗan kamfanonin, kuma yana da nasa wahalhalun. Apple ba ya barin a sauya ƙasa sai an kashe duk kuɗin da ke asusun, don haka 'yan santi kaɗan da suka rage suna iya maƙale mutum a kantin Amurka. A Google Play kuɗin da ke asusun ba ya bin mutum zuwa sabuwar ƙasa, kuma ba a barin a riƙa sauyawa yadda aka ga dama. Idan kwamfutar kamfanin ta ga abin da bai kwanta mata ba, tana iya riƙe katin ta nemi rasit da hotonsa, abin da yaron Jos ba lallai yana da shi ba.

Hanya ta ƙarshe ita ce sayar da katin ga masu sayen gif-kad, waɗanda suka cika intanet a Najeriya. Ba sa saye a cikakken farashi, domin ribarsu tana cikin ragin. Kuma dole mai sayarwa ya fara miƙa lambobin kafin ya ga alat, wato ya ba da kuɗin ya zauna jiran amana. Ko an dace da mai gaskiya, dala 50 ɗin gwaggo ta ragu a hanya. Da ta turo kuɗin ta manhajar aika kuɗi kai tsaye zuwa banki, da abin da ya iso ya fi haka.

Gwajin da ke hana duk wannan ba ya cin minti ɗaya. A buɗe Play Store ko App Store a wayar matashin, a duba farashin wata manhajar kuɗi. In da naira aka rubuta, asusun na Najeriya ne, katin Amurka ko na Birtaniya ba zai shiga ba.

Kuɗin gem

Ga matasa da yawa, kati ko kuɗin Kirsimeti cikin gem yake ƙarewa: Robux a Roblox, V-Bucks a Fortnite, UC a PUBG Mobile, CP a Call of Duty Mobile, lu'ulu'u a Free Fire. Babu laifi a kashe kyauta a kan abin da ake jin daɗi, don dama don haka aka bayar. Amma ya kamata a san yadda aka tsara waɗannan kuɗaɗen. Da an canja naira ko dala zuwa kuɗin gem, ido ya daina ganin farashi na gaske. Kuma ƙunshin da ake sayarwa sau da yawa ba ya yin daidai da farashin kayan cikin gem ɗin, sai a bar ɗan saura da ba ya sayen komai, wanda zai ja mutum ya sake lodawa.

Hukumomi sun lura da wannan. A 2018 Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a na cikin gem, waɗanda ake biya ba a san abin da zai fito ba, a matsayin caca. A watan Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan tuhumar hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, kuma dala miliyan 245 daga ciki na mayar wa waɗanda aka caja kuɗin abin da ba su yi niyyar saye ba.

A nan ne katin kyauta ya fi katin banki. Iyayen da suka saka ATM ɗinsu a wayar yaro sun buɗe famfo ne, kati kuwa bokiti ne: in ya ƙare ya ƙare. Ga 'yan shekara 13 zuwa 15, ana iya haɗawa da Family Link na Google ko Family Sharing na Apple, inda za a saita cewa sai babba ya amince kafin sayayya ta wuce.

'Yan damfara ma sun san lokacin

Tunda lambobin su ne kuɗin, kuma da wuya a dawo da su bayan an loda, katin kyauta ya zama abin so ga 'yan damfara. A 2023 kaɗai, Amurkawa sun kai wa FTC ƙorafin asarar dala miliyan 217 ta wannan hanya. Gargaɗin hukumar a taƙaice yake: duk wanda ya ce a biya shi tara, haraji ko kuɗin aiki da katin kyauta, ɗan damfara ne.

Akwai masu zuwa kanti su kwashi katunan da ba a saya ba, su kwafe lambobin, su mayar da murfin kamar ba a taɓa ba, su sake ratayewa. Suna nan suna dubawa ta kwamfuta, da wani ya saya aka buɗe katin, sai su riga shi kwashewa. Don haka mai saye ya duba marufin da kyau, ko ya sayi na imel daga shafin kamfanin kai tsaye.

Waɗanda suka fi kama matasa su ne shafukan da ke alƙawarin kati kyauta ko Robux kyauta. Babu wata manhaja da ke ƙirƙiro lambobin kati masu aiki, domin lamba ba ta da daraja sai an rubuta mata kuɗi a rumbun kamfani. Abin da shafin ke nema shi ne kalmar sirrin asusu ko lambar waya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka nan saƙon WhatsApp daga lambar ɗan uwa yana neman a saya masa kati da gaggawa, a kira shi a ji muryarsa tukuna, don ana sace asusun WhatsApp. Kuma kada murna ta sa a ɗora hoton kati a status kafin a loda shi.

Tsabar kuɗi da data

A nan gida, miƙa wa yaro kuɗi ranar biki ba baƙon abu ba ne, kuma ba a ganinsa a matsayin rashin kulawa kamar yadda wasu Turawa ke gani. Wanda ya tashi yana karɓar goron Sallah ko sababbin takardun naira ranar Kirsimeti ya san daɗinsa. Kuɗi ba shi da katangar ƙasa, ba ya mutuwa, ba a rage masa daraja wajen canji. Matashi mai tara kuɗin waya ko na jarrabawa zai iya haɗa na kawu da na gwaggo da na yaya wuri ɗaya, abin da katuna uku na kamfanoni uku ba za su yi ba.

Rauninsa shi ne saurin narkewa. Richard Thaler, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, ya yi bayanin yadda mutane ke raba kuɗi gida-gida a cikin kansu. Kati yana zuwa da sunan abin da za a yi da shi, tsaba kuwa tana faɗawa cikin kuɗin yau da kullum, ta tafi a kuɗin Keke Napep da indomi. Bayan mako biyu ba a iya nuna abin da aka yi da ita. Akwai kuma sanannen “kawo in ajiye maka” na iyaye mata, wanda yara da yawa suka san ƙarshensa. Ajiyar ma tana da nata haɗarin: a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, don haka kuɗin da aka ɓoye a akwati raguwa yake yi.

Maganin narkewar shi ne a ba kuɗin suna. Tiransifa da aka rubuta mata “gudummawar sabuwar waya” ta fi alat mara bayani zama a rai. A tuna kuma cewa yawancin 'yan ƙasa da shekara 18 ba su da asusun kansu sai wanda iyaye ke kula da shi, don haka a tambayi inda za a tura.

Data kuwa ita ce katin kyautar da ya fi dacewa da nan. Kusan babu matashi mai waya da zai ce ba ya so, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Ana iya saya wa wani ta manhajar banki ko ta lambobin da aka daidaita wa duk layuka: *312# na sayen data, *321# na rabawa. Abin lura biyu ne kawai: a tabbatar da layin da yake hawa intanet da shi, kuma a zaɓi ƙunshin wata ɗaya ko fiye, domin data ma tana da ranar mutuwa.

Idan kaya za a saya

Kayan waya suna da nasu tarkon. Daga iPhone 15 na 2023 Apple ya koma bakin caja na USB-C, waɗanda suka gabace shi kuwa Lightning suke amfani da shi, don haka wayar caja ɗaya ba ta yi wa duka. Rigar waya da gilashin kariya sai an san ainihin samfurin, sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Wayar da za a kawo daga waje a tabbatar ba a ɗaure ta da layin wani kamfanin sadarwa ba. Daga iPhone 14, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin saka SIM, sai eSIM. In ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na iCloud ko Google kafin ya miƙa, in ba haka ba za ta iya tsayawa a kulle. Kayan lantarkin Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, ta Najeriya kuwa 230 ce. Cajojin waya da na laftof yawanci suna ɗaukar duka biyun, amma a karanta rubutun jikinsu.

Duk da haka, kaya ne kaɗai ke iya ba matashi abin da bai san yana buƙata ba. Fawa bank mai kyau a unguwar da wuta ba ta zama, ƙaramin makirfo ga yarinya mai son yin bidiyo, ko allon rubutu na kwamfuta ga yaro mai koyon haɗa manhaja, duk suna nuna an lura da shi. Da kuɗin aka ba shi, wataƙila data zai saya, ya ƙare cikin mako uku.

To, wanne za a zaɓa?

Mai bayarwa ya auna saninsa. Wanda ya san ainihin abin da matashin ke so, har samfuri da launi, ya sayi kayan ya ajiye rasit. Wanda ya san inda yake kashe kuɗinsa amma bai san me zai zaɓa ba, ya ba da kati ko data, bayan ya tabbatar da ƙasar asusun da layin. Wanda bai san ko ɗaya ba, ko yake wata ƙasa, ya tura kuɗi ya faɗi abin da yake fatan a yi da su. Wasu kan haɗa biyu: ƙaramin abu da za a buɗe a gaban jama'a ranar bikin, da kuɗi ko data a gefe.

Tambaya ma ba abin kunya ba ce. Saƙo ɗaya zuwa ga matashin, ko ga yayarsa da ta san sirrinsa, ya isa a ji wace waya yake riƙewa, wane gem yake bugawa, me yake tara wa kuɗi. Shi ma matashin da ya san gwaggo na shirin shiga kanti a Landan ko Houston, gara ya gaya mata da wuri cewa asusunsa na Najeriya ne. In kuma katin ya riga ya iso, ya nemi hoton rasit tare da shi, kada ya tura wa kowa lambobin da sunan a duba masa, kuma in bai shiga ba ya sanar da wadda ta saya: ita tana iya amfani da shi a can, ta turo masa kuɗin.